Bayan Aikin Tantanin Ido: Tambayoyin da Majinyata da Masu Jinya Suka Fi Yi

Duk wanda ya taɓa zaman layi a asibitin ido ya san tambayoyin da ake yi a kan benci sun fi na gaban likita yawa. Mutum yakan ce "to, likita" ya fito, sai a waje ya juya ga na kusa da shi: "Malam, kai da aka yi maka, yaushe ka fara gani?" Irin waɗannan tambayoyi ne aka tattara a nan. Inda wata amsa ta saɓa da abin da likitan da ya yi aikin ya faɗa, maganarsa za a bi, domin shi ya ga cikin idon.

Mene ne wannan tantanin, kuma me ya raba aikinsa da aikin yanar ido?

Tantani ne siriri, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, a shimfiɗe a bangon ido ta ciki, can baya. Likitoci suna kiransa ratina. Shi ke karɓar haske ya mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da ake kira makula, kuma da shi ake karatu, da gane fuska, da zira zare a allura. Sauran tantanin shi ke ba da ganin gefe da ganin dare.

Ita yanar a gaban ido take. Ana cire ta, a sa gilashin roba a gurbinta, washegari mutum ya ga jikokinsa tar. Ratina kuwa nama ne mai rai, ɗan uwan ƙwaƙwalwa, ba a sake shi da wani. Iyakar abin da likita zai yi shi ne ya mayar da shi mazauninsa, sannan a jira a ga iya farfaɗowarsa. Yawancin ɓacin ran da ake samu bayan wannan aiki daga nan yake tasowa: majinyaci yana auna kansa da maƙwabcin da aka cire wa yana, alhali hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Waɗanne larurori ne ke kai mutum ga wannan tiyata?

Babba ita ce ɗagowar tantanin. Yakan yage a wani wuri, ruwan ido ya bi ta yagewar ya shiga ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi kamar yadda damshi ke ɗaga yaɓe daga jikin bango. Hakan yana samun kusan mutum 1 cikin 10,000 a kowace shekara. Ya fi kama masu tsananin rashin hangen nesa, da wanda aka taɓa yi wa aikin yana, da wanda ya samu duka a ido, da wanda abin ya taɓa samun wani a danginsa. Kwantar da yana irin na gargajiya, inda ake tura ta cikin ido da tsinke, shi ma yana jawo ta.

Ta biyu ita ce ɓarnar ciwon suga: jijiyoyi marasa ƙwari suna tsirowa a kan tantanin, su zubar da jini a cikin ido, ko su bar tabo mai jan tantanin. Sikila tana yin irin wannan, kuma abin lura, masu jinin SC sun fi masu SS fuskantar matsalar ido, ko da yake ciwon nasu ya fi sauƙi a jiki. Sai kuma rami a makula, ko wani tabo da ke yamutsa ta.

Ba na jin zafi, me ya sa likita yake ta gaggawa?

Domin ratina ba ya ciwo. Alamominsa na gani ne: walƙiya a gefen ido ko da a cikin duhu, ɗige-ɗige masu yawo kamar ƙudaje ko hayaƙi da suka ƙaru farat ɗaya, sai kuma inuwa mai kama da labule da ke tahowa daga gefe. Muddin labulen bai kai tsakiya ba, makula tana nan manne, kuma ana so a yi aikin cikin kwana 1 ko makamancin haka kafin ta ɗago. In ta riga ta ɗago, kowane mako da ya wuce yana rage abin da za a iya dawo da shi. Amsar tambayar "ganina zai dawo kamar da?" da ke can ƙasa, rabinta a nan ake yanke ta. Jiran a sayar da amfanin gona, ko a gwada ɗigon kanti tukuna, ya cinye idanu da yawa.

Da gaske ne ana ciro idon waje a gyara, sannan a mayar?

Sam. Ido yana haɗe da jijiyar gani, ba a taɓa ciro shi a mayar. Ana yin aikin yana mazauninsa, yawanci da allurar kashe zafi a kewayen idon, wani lokaci da maganin sa barci, kuma yakan ɗauki awa 1 zuwa 2.

Hanyoyin uku ne. A ta farko, wadda ake kira bitrektomi, ana huda ƙofofi 3 ƙanana a farin ido, a zuƙe ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika ido, a shimfiɗa tantanin, a yi wa bakin yagewar walda da hasken leza, sannan a cika idon da gas ko man silikon. Wani likita mai suna Robert Machemer ne ya fara wannan a Amurka a 1970. A ta biyu, ana ɗinka wata ɗamarar silikon a bayan farin ido ta waje, ta matso bangon zuwa ga tantanin. Ba a ganinta, kuma yawanci nan take zama har abada. A ta uku, ana yin allurar kumfar gas kawai tare da leza ko daskarar da bakin yagewar da sanyi, in yagewar ƙarama ce kuma a sama take. Duka ukun a kan abu ɗaya suka ginu, wanda Jules Gonin na Suwizalan ya gano a shekarun 1920: sai an toshe yagewar tantanin zai zauna.

An buɗe bandeji ban ga komai ba sai haske da giftawar hannu. Aikin ya lalace ke nan?

In an sa maka gas, haka ake sa ran gani. Ido cike da gas ba ya iya tara haske, don haka komai dishi-dishi ne, wani lokaci ma ya fi kafin aikin muni. Bayan 'yan kwanaki za ka fara ganin wani layi a kwance, kamar bakin ruwa a cikin kwalba, yana rawa in ka motsa kai. Sama da layin gani yana washewa, ƙasa da shi duhu-duhu. Kullum layin yana sauka, har ya zama ƙwallo guda baƙi a ƙasan ganinka, ya rabu ƙanana, ya ɓace. Idon da kansa yake cike gurbin da ruwansa.

A cikin ido kumfar a sama take, amma kana ganinta a ƙasa saboda hoto a kife yake sauka a kan ratina. Mutane da yawa sun kwana da fargaba saboda ba wanda ya yi musu wannan bayani kafin a sallame su.

Mene ne bambancin gas da mai, kuma wanne ya fi?

Dukansu aikinsu ɗaya: su danne tantanin har waldar leza ta kama, abin da ke ɗaukar kusan mako 2. Gas yana bajewa da kansa. Iska zalla takan yi kusan mako 1, gas ɗin SF6 kusan mako 2, na C3F8 kuwa mako 6 zuwa 8. Ka tambayi wanne aka sa maka, ka sa a rubuta a katinka.

Man silikon ba ya bajewa. Ana zaɓarsa in lalacewar ta yi yawa, ko tantanin ya daɗe a ɗage, ko majinyaci ba zai iya kifa kai ba, ko dole ya hau jirgi. Ana ɗan gani ta cikinsa, amma da hazo. Yawanci ana cire shi bayan wata 3 zuwa 6, kuma cirewar wata tiyata ce mai kuɗinta. Don haka tun ranar da ake lissafi, a tambaya ko kuɗin ya haɗa da cire mai. Wanda ya ji sauƙi ya ƙi komawa, man zai iya farfashewa ya ɗaga matsin ido ko ya ɓata baƙin ido, a yi asarar abin da aka sha wahalar ceto shi.

An ce in kifa kai na kwanaki. Dole ne? Yaya mutum zai rayu haka?

Kumfa sama take tashi, don haka dole a juya kai yadda yagewar za ta kasance a saman kumfar. In yagewar a sama take, zama a miƙe ya wadatar. In a gefe take, za a ce ka kwanta a ɗaya gefen. In rami ne a makula, sai kifa fuska. Shi ya sa bai kamata ka kwaikwayi na gadon kusa da kai ba. Tsawon kwanakin ya bambanta, daga 'yan kwanaki zuwa mako ko fiye, kuma an saba cewa a yi minti 50 a kowace awa, a huta minti 10. Abin da kusan kowa ake hana shi shi ne kwanciya rigingine, domin kumfar takan taso gaba ta taɓa madubin ido, wato inda yanar ido take fitowa, ta ɗaga matsin ido.

Wannan shi ne mafi wuyar jinyar, kuma a nan ake gane mai jinya na ƙwarai. A naɗa zani ko tawul kamar gammo a ɗora a kan tebur, goshi ya zauna a kai, hanci ya samu iska. Da dare a sa matashi a ƙarƙashin ƙirji da wani a ƙarƙashin ƙafafu don baya ya huta. Kunu da ruwa a sha da tsinken shan lemo, kwanon abinci a ajiye a kan kujera 'yar tsugune. Rediyo da sauraren karatu suna rage tsawon yini. A mintunan hutu a miƙe a taka, a motsa wuya da kafaɗu, don zama wuri ɗaya yana iya sa jini ya daskare a ƙafa.

Sai batun 'yan dubiya. Dattijo ba ya jin daɗin amsa gaisuwa kai a ƙasa, duk wanda ya yi sallama sai ya ɗago ya dube shi, kuma a gidan da ake shiga da fita yini guda, rabin lokacin kifawar ya tafi a gaisuwa. Wani daga cikin 'ya'ya ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙa cewa, "Baba yana jin ku, likita ne ya hana shi ɗaga kai." Babu mai hankalin da zai ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci.

Yaya zan yi da alwala da salla?

Ka tambayi likita kai tsaye: "Yaushe zan fara sujada?" Amsar ta danganta da irin aikin da inda yagewar take, da yawa sukan ce a dakata mako 1 zuwa 2 ko fiye. Addini ya riga ya ba da mafita. A hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Sai a yi nuni da kai gwargwadon abin da aka yarda.

Ruwan buta kada ya shiga idon na aƙalla mako 2. Ana iya wanke fuska a kewaye idon da jiƙaƙƙen hannu, ko a yi shafa a kan bandeji, kuma malamin unguwa zai fayyace inda taimama ta halatta. Wajen wanka a zuba ruwa daga wuya zuwa ƙasa. Wankin kai kuwa, tunda yana buƙatar mayar da kai baya, mai gas ya fara duba amsar kifa kai da ke sama.

Maganin ɗigawa yana karya azumi?

Malamai sun yi saɓani. A Malikiyya abin dubawa shi ne isar abu maƙogwaro, yayin da malamai da yawa na wannan zamani suke ganin ɗigon ido ba ci ba ne ba sha ba. Akwai dabarar da ke amfani ta kowace fuska: bayan ɗigawa, ka rufe ido ka danna lungunsa na wajen hanci da yatsa mai tsabta na minti 1 zuwa 2. Ta nan ne magani ke gangarawa hanci da maƙogwaro. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a tattara ɗigon yini guda a yi shi tsakanin buɗa-baki da sahur, domin kumburi ba ya jira. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, marar lafiya ne, yana da damar ya sha ya rama.

Na biya kuɗin Umara. Zan iya hawa jirgi?

In akwai gas a idonka, ko ɗan ƙwallo ne ya rage, a'a. Matsin iska a cikin jirgi daidai yake da na kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Gas ɗin zai kumbura, matsin ido ya tashi, jini ya daina isa ga ratina, kuma ana iya makancewa kafin jirgi ya sauka. Mai man silikon ko ɗamara kaɗai ba shi da wannan matsala.

Hawan tudu a mota ma abin tambaya ne. Kano tana kusan mita 500 sama da teku, Jos kusan 1,200, tsaunin Mambila ya haura 1,500. Wanda zai koma irin waɗannan wurare ya faɗa wa likita kafin aikin. Haka masu zuwa Legas, Masar ko Indiya neman magani: a tattauna yadda za a dawo gida tun kafin a shiga ɗakin tiyata, domin hakan na iya sa likita ya zaɓi mai maimakon gas.

Wani haɗari mai kama da wannan shi ne iskar naitiros da ake shaƙa wa mutum wajen tiyata ko cire haƙori ko haihuwa. Tana shiga kumfar ta kumbura ta cikin mintuna. Wasu asibitoci suna ɗaura wa majinyaci wani abin hannu mai gargaɗi. Kada a cire shi har gas ya ƙare, kuma 'yan gida su san da zancen ko da wani hatsari zai faru.

Ni ce mai girki da ɗawainiyar gida. Yaushe zan koma aiki?

Hajiya, makonni 2 na farko ki bar wa wasu. Hayaƙin itace, tururin tukunya, yaji da ƙurar shara duk suna fusata idon da bai warke ba. Daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar bokiti cike da ɗaga yaro mai nauyi su jira mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya ce. Ki kula da hannun ƙananan yara, don yatsan jariri a ido ya mayar da mata da yawa asibiti. Ki riƙa sa marufin roba da aka ba ki lokacin barci da lokacin shayarwa. Da hunturu, tabarau mai rufe gefe yana tare ƙura. Kwanciyar aure ma a ɗan jinkirta mako 1 zuwa 2, kuma ba abin kunya ba ne a tambayi likita ko ma'aikaciyar jinya.

Kallon waya ko karatu zai ɓata aikin?

Ba ya ɓata shi. Idon zai gaji da wuri, ya yi ruwa, sai a huta. Sharaɗin kawai kada kallon ya sa ka bar yanayin da aka ce ka ajiye kai.

Tuƙi fa, da komawa kasuwa ko ofis?

Babu tuƙi muddin akwai gas, mota ce, babur ne ko adaidaita sahu. Ido ɗaya ba ya auna nisa daidai, ga kumfa tana rawa a gabanka. Za ka lura da haka tun a gida: shayi ya zuba a gefen kofi, ƙafa ta kuskure matakala ko bakin kwata. Ka riƙa taɓa bakin kofi da butar kafin ka zuba, ka bi bango a wurin da ba ka saba ba. Mai aikin zama yakan koma bayan mako 2 zuwa 4, manomi, birkila da makaniki sun fi haka. Wanda tuƙi ne sana'arsa ya nemi a gwada ganinsa na tsakiya da na gefe kafin ya ɗauki fasinja, don ran mutane ne a hannunsa.

Wane ciwo ne na al'ada, wane ne na komawa asibiti da gudu?

Jan ido, kumburin fatar ido, ruwa, da jin kamar tsakuwa a ciki, duk na al'ada ne a makon farko, kuma farasitamol yakan isa. Mai ɗamara ya fi jin ciwo, musamman in ya juya ido.

Kada a jira ranar da aka rubuta a kati in ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya zo da ciwon kai da amai, don alamar hawan matsin ido ce. Haka in gani ya ragu bayan ya fara gyaruwa, ko ido ya fara fitar da mugunya, ko sabon labule ya bayyana, ko walƙiya da ƙudaje suka dawo da yawa. Ƙwayar cuta a cikin ido ba ta cika faruwa ba, amma in ta shiga, awoyi ake lissafawa. Kafin a bar asibiti a karɓi lambar da za a kira da dare.

Magungunan sun yi yawa. Zan iya daina wasu in ido ya yi fari? Kwalli fa?

Yawanci iri 3 ne: mai kashe ƙwayoyin cuta, mai rage kumburi, da mai buɗe ɗan ido don ya huta. Na ukun yana sa haske ya dame ka, rubutu ya yi hazo, kuma tasirinsa kan kai mako 1 zuwa 2 bayan an daina. Mai rage kumburi a hankali ake janye shi, kuma a wasu mutane yana ɗaga matsin ido ba tare da sun ji komai ba, shi ya sa ake auna matsi a kowace ziyara. A wanke hannu, a bar minti 5 tsakanin magani da magani, bakin kwalba kada ya taɓa ido. Mai sikila ya tuna wa likita da jininsa in za a ba shi ƙwayar Diamox ta rage matsi, domin tana iya tayar masa da ciwo.

Kwalli, zuma, nono, ruwan ganye da duk wani abin da 'yan dubiya za su kawo da kyakkyawar niyya, kada ko ɗaya ya kusanci idon. Rauni ne a buɗe. Addu'a da tofi a jiki ba su hana magani, amma ruwan rubutu ma kada a ɗiga a ciki.

Ganina zai dawo kamar da?

Nasara iri biyu ce, kuma likita da majinyaci sau da yawa ba iri ɗaya suke nufi ba. In likita ya ce aiki ya yi kyau, yana nufin tantanin ya kwanta. Wannan yana samuwa a kusan mutum 8 zuwa 9 cikin 10 da tiyata guda, kuma fiye da 9 cikin 10 in an haɗa da ta biyu, ko da yake waɗanda suka zo a makare ba su kai haka ba. Majinyaci kuwa yana nufin ya karanta Alƙur'aninsa, ya ƙirga kuɗinsa, ya gane mai tahowa daga nesa.

In an yi aikin makula ba ta ɗago ba, yawanci gani yana komawa kusa da yadda yake. In ta ɗago, ana samun ci gaba, amma da wuya ya cika kamar da. Gyaruwar a hankali take: mafi yawanta a wata 3 zuwa 6 na farko, saura kuma har shekara ko fiye. Kada a yanke hukunci a mako na 3.

Ko ganin da bai kai na karatu ba yana da daraja. Idon da ke nuna maka ƙofa, da mota mai tahowa ta gefe, da inda rami yake, shi ne bambancin mai zuwa masallaci da ƙafarsa da mai jiran ɗan jagora. Kuma in wata rana ɗaya idon ya samu matsala, wannan ne jarin da ya rage.

Ina ganin layi a karkace, abubuwa sun ƙanƙance, wani lokaci biyu-biyu. Tabarau zai gyara?

Karkacewa da ƙanƙancewa daga makula suke: ta kwanta, amma ƙwayoyinta ba su koma sahu daidai ba. Tabarau ba ya gyara wannan, sai dai yakan ragu da watanni, ƙwaƙwalwa kuma tana sabawa. Ganin biyu-biyu ya fi zuwa bayan ɗamara, kuma yawanci yana wucewa. In ya daɗe akwai gilashi na musamman. Ɗamara tana ƙara rashin hangen nesa, mai kuma yana canza lambar ido gaba ɗaya, don haka kada a yi asarar kuɗi a sabon tabarau sai bayan wata 2 zuwa 3, ko bayan an cire mai. Don karatu, fitila mai ƙarfi daga bayan kafaɗa, madubin ƙara girma, mus'hafi mai manyan baƙaƙe da ƙara girman rubutun waya suna taimakawa fiye da yadda ake zato.

An ce sai an sake wani aikin. Kuskure aka yi a na farko?

Ba lallai ba. Cire man silikon dama yana cikin tsari, kamar yadda aka yi bayani a amsar gas da mai. Yanar ido kuma takan biyo bayan bitrektomi: mafi yawan waɗanda suka haura shekara 50 suna samunta cikin shekara 2. In gani ya washe sannan ya fara dusashewa sannu a hankali ba tare da labule ba, galibi ita ce, kuma cire ta aiki ne mai sauƙi. Mai wuyar ita ce sake ɗagowar tantanin, wadda ta fi faruwa a watanni 3 na farko, saboda wani tabo da ido ke yi da kansa yana tattare ratina. Yana samun kusan 5 zuwa 10 cikin 100, ko a hannun gwanaye, kuma ya fi yawa a idon da ya daɗe ba a yi masa aiki ba.

Mahaifiyata mai suga ce. Nata daban ne?

Daban ne, domin tiyata ta share ɓarnar ne, ba ta kashe tushenta ba. Jini yakan sake zuba a makonnin farko. Sau da yawa yana washewa da kansa, amma a kai ta a duba. Wataƙila a ci gaba da yi mata leza ko allurar cikin ido irin su Avastin. Leza mai yawa tana rage ganin dare da na gefe, don haka a sa mata fitila a tsakar gida da hanyar banɗaki, a daina canza wa kayan ɗakinta wuri. In ba ta ganin lambobin sirinjin insulin ko rubutun ƙwayoyi, wani ya karɓi wannan aikin. Suga, hawan jini da ƙoda su ne za su yanke tsawon ran wannan gani.

Tun bayan aikin Baba yake cewa yana ganin mutane da zane-zane a bango. Aljanu ne ko taɓin hankali?

Akwai sanannen abu da ke samun wanda ganinsa ya ragu sosai: ƙwaƙwalwa, da ta rasa hotunan da ta saba samu, sai ta riƙa ƙirƙiro nata. Mutum ya ga fuskoki, ƙananan mutane, dabbobi ko zane kamar na tabarma, ba sauti, kuma yawanci ya san ba gaskiya ba ne. Wani masani ɗan Suwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana shi a 1760 daga abin da ya samu kakansa, kuma da sunansa ake kiran larurar. Tsofaffi da yawa suna ɓoyewa don tsoron a ce sun zautu. Ƙara haske, ƙifta ido ko tashi a canza wuri yakan kore shi, kuma yana raguwa da lokaci. A faɗa wa likita, musamman in akwai ruɗewa, zazzaɓi ko jin muryoyi, don wannan wani abu ne daban.

Ku kuma lura da zuciyarsa. Mutumin da ya saba fita kasuwa, yau ga shi a kife ana ba shi abinci, yakan yi shiru, ya ƙi ci, ya yi saurin fushi. Ku riƙa shawara da shi a kan al'amuran gida kamar da, ku faɗi sunanku in kun shigo maimakon "Baba, ka gane ni?"

Ɗaya idon yana cikin haɗari? A ina za a duba?

Wanda tantaninsa ya taɓa ɗagowa a ido ɗaya, kusan 1 cikin 10 yakan samu haka a ɗayan. A nemi a buɗe ɗan idon lafiyayyen da magani a duba shi har gefe. In an ga yagewa tun ba ta ɗago ba, leza ta 'yan mintuna a zaune takan wadatar. Mako-mako ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi ƙyauren ƙofa, sannan ka sauya, don ido mai kyau yana ɓoye laifin ɗan uwansa. Mai walda, mai faskare da mai sassaƙa su sa tabarau na kariya.

Ba kowane asibitin ido ke da likitan ratina da kayan aikinsa ba. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka da asibitin koyarwa na Aminu Kano, inda za a duba bayan ido a faɗa maka wurin da ya dace. Kafin ka kama hanya daga nesa, ka sa a bincika ko likitan ratina yana nan a makon, ka riƙe takardar turawa da duk katunanka na baya, ka taho da wanda zai raka ka gida, domin bayan an ɗiga maganin buɗe ido za ka yi awoyi kana ganin hazo.